Idan baitulmali ya bushe, ina makomar yarjejeniyar albashi?

A watan Disambar 2019 gwamnatin Kano da ƙungiyoyin ƙwadago suka daidaita a kan cewa ƙaramin ma'aikaci zai riƙa karɓar naira 30,600 a wata, wato har da ɗoriyar ɗari shida a kan abin da dokar ƙasa ta yanka. Shekara ba ta zagayo ba, albashin ƙarshen 2020 ya fito a zaftare. Da aka matsa da tambaya, sai gwamnati ta ce ta koma tsohon ma'auni na 18,000 saboda kason da take samu daga Abuja ya ragu, sakamakon korona da faɗuwar farashin mai. Aka sake maimaitawa a albashin Maris na 2021. Ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, reshen jihar ta ba da wa'adi, ta sa ranar yaji, aka zauna, gwamnati ta yi alkawarin komawa sabon ma'auni da mayar da abin da ta cire, aka janye.

Mazaunin birni ya ji wannan a matsayin ja-in-ja tsakanin gidan gwamnati da 'yan ƙwadago. A Kunci ko Albasu ko Doguwa kuwa, labarin ta wayar malamin firamare ya iso, sa'ad da alat ya shigo ƙasa da abin da ya riga ya ci bashi a kansa. Ba wanda ya kira shi taro kafin a yanke, kuma ba takardar da ta gaya masa ko abin da aka cire za a biya shi wata rana ko kuwa ya tafi ke nan. A nan gizo ke saƙar. Ragin da aka rubuta a matsayin bashi, da ranar biyansa, daban yake da ragin da aka wayi gari aka gani, ko da adadinsu ɗaya ne.

Kafin a zargi kowa, ya kamata a san yadda kuɗin ke tafiya. Duk wata ana zama a raba abin da ya taru a asusun tarayya: gwamnatin tarayya ta ɗauki kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. Abin da ke shiga asusun yana hawa yana sauka, gwargwadon farashin gangar mai da yawan da aka haƙo. A tsakiyar 2014 ganga ta haura dala 100, zuwa Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30. Albashi kuwa ba ya sauka da kansa. Ranar da aka sa hannu a kan adadi, ya zauna ke nan, wata bayan wata. Legas tana da harajin cikin gida da za ta cike giɓi da shi. Jigawa ba ta da irin wannan, haka ma ƙananan hukumomin karkarar Kano. Abin da hukuma ke tarawa a kasuwar Maigatari ran Alhamis ko ta Wudil ran Juma'a, duk girman kasuwannin nan, bai taka kara ya karya ba idan aka jera shi da albashi.

Kason ƙananan hukumomi ma ba ya isa sakatariya kai tsaye. Shekara da shekaru yana biyowa ne ta asusun haɗin gwiwa da sashe na 162 na tsarin mulki ya tanada, wanda jama'a ke kira joyin akawun. A can ake cire albashin malaman firamare, da na ma'aikatan lafiya matakin farko, da kason fansho, da na masarautu, da kuɗin ayyukan da aka ce na haɗin gwiwa ne, sannan a miƙa wa ciyaman abin da ya rage. Shi ya sa malamin da ke koyarwa a wani ƙauyen Kafin Hausa, a takarda ma'aikacin hukumar ilimi ta ƙaramar hukumarsa ne, amma makomar albashinsa a Dutse ake yanke ta, bisa lissafin da ba lallai shi ko ciyaman ɗinsa su taɓa gani ba.

Saboda haka idan gwamna ya ce kuɗi sun gaza, ba kullum ne yake ƙarya ba. A 2015 sai da Babban Banki ya ware rancen naira biliyan 338 ga jihohi 27 don kawai su biya bashin albashi. Amma kuma "babu kuɗi" a bakin gwamnati sau da yawa tana nufin babu kuɗin wannan. Ana iya rasa na ƙarin girman malamai a watan da aka ba da kwangilar gadar sama, ko aka naɗa sababbin mataimaka na musamman. Aikin farko na duk wanda ya zauna a madadin ma'aikata shi ne ya gano wace babun ce a gabansa.

To ita takardar da aka sa wa hannu, mene ne ƙarfinta? Abu biyu ne a cikinta, kuma mutane kan cakuɗa su. Na farko mafi ƙarancin albashi, wanda doka ce ta Majalisar Tarayya: naira 125 a 1981, 18,000 a 2011, 30,000 a 2019, 70,000 a 2024. Sha'anin ƙwadago yana cikin jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, don haka ba gwamnan da ke da ikon sauka ƙasa da wannan adadi, kuma ba shugaban ƙwadagon da ke da ikon yafe masa. Na biyu shi ne ƙarin da ake yi wa sauran matakai don kada masinja ya kamo akawu. Wannan ciniki ne, doka ba ta yanka shi ba. A tarayya sai da aka kai ruwa rana kafin a daidaita a Oktoban 2019, mataki na 7 ya samu ƙarin kashi 23.2, aka yi ta sauka har zuwa kashi 14 ga matakai na 15 zuwa 17, sannan kowace jiha ta koma ta yi nata cinikin. Mai takardar NCE a mataki na 7 yake farawa. Ke nan yawancin malaman ƙauye, da ma'aikatan jinya, da malaman gona, ƙarinsu a cikin yarjejeniya yake zaune. Shi ne kuma ake fara kai wa hannu idan rana ta ɓaci.

Kotunan Najeriya sun daɗe suna kallon irin wannan yarjejeniya a matsayin alkawarin mutunci kawai: idan ba a shigar da ita cikin ƙa'idojin aiki ba, ko gwamnati ba ta fitar da sakula ta amince da ita ba, ma'aikaci ba zai kai ƙara a kanta ya ci ba. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya sauya lamarin, domin sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon fassara yarjejeniyar da yin hukunci a kan yadda ake aiki da ita, kuma kotun tana da reshe a Kano. Sai dai shari'a tana cin shekaru, kuma ko an yi nasara, dokar aiwatar da hukunci ta ce kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai Antoni Janar ya yarda, wato lauyan wanda aka kayar. Yajin aiki ma yana da nasa haɗarin. Sashe na 43 na dokar rikicin ƙwadago ya ce wanda bai yi aiki ba, ba shi da albashin kwanakin. Da shi aka riƙe albashin malaman jami'a a yajin wata takwas na 2022, yajin da tushensa yarjejeniyar 2009 ce, wadda aka fara sake tattaunawa tun 2017, kwamiti na bin kwamiti. Idan farfesa ya ji jiki, ina ga mai gadin asibitin sha-ka-tafi?

Abin da ya sa nake ganin ƙin zama ba dabara ba ce shi ne, idan kuɗin sun gaza da gaske, ragin zai zo ko an zauna ko ba a zauna ba. Hanyoyinsa ne suka bambanta, kuma wanda ake gani da ido shi ne mai dama-dama a cikinsu. A Oktoban 1985 Janar Babangida ya ayyana dokar ta-ɓaci kan tattalin arziki ta wata 15, aka zaftare albashin soja da na farar hula a fili. An yi ihu, amma kowa ya san nawa aka cire masa. Jihar Osun a zamanin Rauf Aregbesola ta bi wata hanyar daga 2015: ƙananan matakai su karɓi cikakke, na tsakiya kashi uku cikin huɗu, manya rabi, ragowar kuma bashi ne a kan gwamnati. Tsarin yana da adalcinsa, tunda bai taɓa na ƙasa ba. Aibinsa shi ne ba a ɗaure biyan da wata rana tabbatacciya ba. Har zuwa 2023, a hannun gwamna na uku, ana ta biyan ariyas ɗin kaɗan-kaɗan, bayan naira ta riga ta zube, wasu masu haƙƙin kuma sun riga mu gidan gaskiya.

Ragin da ya fi yawa a wajenmu shi ne na shiru. A ba mutum takardar ƙarin girma, albashinsa ya tsaya a tsohon mataki shekara biyu ko uku. A daina ƙarin shekara-shekara. Kuɗin hutu ya ɓace ba sanarwa. Malami ya yi ritaya a ƙi ɗaukar wani, a haɗa ajinsa da na kusa da shi, mutum ɗaya ya koma fama da yara fiye da ɗari. Mafi muni, gwamnati ta jinkirta zuba kasonta a asusun fansho, domin wannan ba mai jin zafinsa yau, sai ranar da mutum ya ajiye aiki ya je neman kuɗin sallama a ce ya shiga layi. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ce ta gaji bashin kuɗin sallama da haƙƙin mamata na kimanin naira biliyan 48 a Kano. Bashi irin wannan ba ya taruwa a rana ɗaya, kuma masu haƙƙin ba a nemi yardarsu ba kafin a ci shi.

Sai kuma ragin da hauhawar farashi ke yi, wanda ba ya buƙatar sa hannun kowa. Naira 30,000 ta 2019 ta haura dala 80. Naira 70,000 ta 2024 ba ta kai dala 50 ba. Litar fetur da ake saye wajen naira 200 kafin cire tallafi a Mayun 2023 ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, kuma a Disambar shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. Gwamnatin da ta ja tattaunawa wata shida a irin wannan yanayi ta rage albashi ba tare da ta cire ko kwabo ba. Hanya ta ƙarshe ita ce kora, wadda Kaduna ta bi a 2021, lokacin da gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta ce albashi na cinye kusan duk kasonta, ta sallami dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi. NLC ta tsayar da jihar cak a watan Mayu, har sai da gwamnatin tarayya ta shiga tsakani.

Duk waɗannan hanyoyin sun fi nauyi a karkara, kuma lissafi ne zai nuna haka. A ɗauka ga malami mai albashin naira 80,000, wanda ya ci bashin banki ya sayi babur ko ya rufa ɗaki, ana cire masa 30,000 duk wata tun kafin kuɗin su taɓa hannunsa. Dubu hamsin ke isa gida. Idan aka zaftare kashi 20 na albashin, 16,000 ke nan, banki kuwa ba zai rage nasa ba. Abin da aka kira ɗaya bisa biyar a wajen zama ya koma kusan ɗaya bisa uku a cefane. Daga cikin ragowar ne zai zuba adashi, ya rage wa mai kanti bashin da ke littafi, ya aika wa tsohuwa, ya sa wa babur mai. A ƙauyen da masu albashi ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba, kuɗinsu ne kaɗai ke shigowa a kan kari, rani da damina. Mai nama da mai shayi da tela duk sun san ranar da ake biya.

Lokacin da aka yi ragin ma abin dubawa ne, abin da masu zama a sakatariyar gwamnatin Kano ta Audu Bako ba su cika sawa a lissafi ba. Ma'aikacin ƙauye manomi ne. Albashin Mayu da Yuni shi ne taki da iri da kuɗin huɗa. Idan aka taɓa shi, an taɓa amfanin shekara guda. Na Agusta shi ne abinci, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabo bai nuna ba, kwanon gero yana kan tsadarsa. Dubu goma da aka cire a Yuni aka mayar a Nuwamba ba ta dawo daidai ba, domin damina ba ta jiran kowa. Idan har dole ne a jinkirta wani kaso, bayan kaka ya fi sauƙin ɗauka, kuma wannan abu ne da za a iya rubutawa a yarjejeniya, muddin akwai wanda ya san shi a cikin masu zaman.

Asarar kuma ba ta tsayawa a kan ma'aikaci. Da yawa daga malaman da aka tura makarantun lungu, a hedikwatar ƙaramar hukuma suke kwana, kullum su hau babur. Ranar da albashi ya kasa ɗaukar kuɗin mai, zuwa ya koma kwana uku a mako, hedimasta ya kau da kai domin shi ma haka yake yi. Ma'aikaciyar asibiti ta rufe da azahar, mai naƙuda ta haihu a gida. Gwamnati ta rage biya, ma'aikaci ya rage aiki, an yi sulhu ba tare da an zauna ba, ɗan talaka ya biya kuɗin sulhun. Yaji ma haka ne: uban da ke Tsanyawa ba shi da makarantar kuɗin da zai mayar da ɗansa. Malaman firamare na Abuja, a babban birnin ƙasa fa, sun shafe sama da wata uku suna yaji a 2025 a kan wannan 70,000 ɗin kafin a saurare su, don 'ya'yan masu yanke hukunci ba a waɗannan azuzuwan suke ba.

Su ma ƙungiyoyin akwai abin faɗa a kansu. Waɗanda ke wakiltar ma'aikata yawanci manya ne mazauna Kano ko Dutse, kuma abin da suka fi sani shi suke karewa. NUT ta malamai da NULGE ta ma'aikatan ƙananan hukumomi da ƙungiyar ma'aikatan lafiya suna da rassa a ƙananan hukumomi, amma sau nawa ake kawo daftarin yarjejeniya gaban 'yan reshen Sumaila ko Ɓaɓura a karanta musu kafin a sa hannu? A rediyo suke ji. 'Yan fansho, da ba su da aikin da za su yi wa yaji, su ne mafi sauƙin sadaukarwa, sai masu aikin wucin gadi irin na tsarin J-Teach a Jigawa, waɗanda ba su da kariyar ma'aikacin dindindin. Kuɗin ƙungiya kuma gwamnati ce ke cirewa daga albashi ta miƙa, abin da ke sa wasu shugabannin su riƙa tauna magana. Sannan ga batun ma'aikatan bogi. Duk lokacin da aka ce za a yi tantancewa, ƙungiya takan ɗauke ta a matsayin share fagen kora, kuma tana da hujja, domin an sha wahalar da masu gaskiya, dattijo ya yi sammako daga ƙauye ya wuni a layi saboda kuskuren harafi ɗaya a sunansa. Amma duk sunan mamaci, ko na ɗan wani babba da ke karɓar albashi yana kwance a gida, daga rabon mai shiga aji ake biyansa. Ƙungiyar da ta san ciwon kanta ita ya kamata ta nemi tantancewar, da sharaɗin wakilanta su zauna a ciki, a kuma bayyana inda rarar ta tafi.

Akwai ma'aunin da duniya ta yarda da shi. Najeriya ta amince da yarjejeniyoyi na 87 da 98 na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, masu magana a kan 'yancin kafa ƙungiya da cinikin albashi, tun 1960, kuma matsayin ƙungiyar a kan lokacin matsi sananne ne: gwamnati na iya taƙaita cinikin albashi, amma ya zama bisa larura, iya gwargwadon buƙata, na ƙayyadadden lokaci, tare da kariya ga rayuwar ma'aikata. Jamhuriyar Ailan ta gwada wani abu makamancin haka bayan bankunanta sun durƙushe. An riga an zaftare albashi, sai a 2010 aka ƙulla yarjejeniyar Croke Park: ƙungiyoyi suka yarda da sauya wuraren aiki da tsarinsa da barin yaji, gwamnati ta yi alkawarin ba ƙarin ragi, ba korar dole, har zuwa 2014. Ba ta kai ƙarshe lami lafiya ba, don a 2013 an sake rage wa masu manyan albashi, amma kowane ɓangare ya san abin da ya bayar da abin da ya karɓa, daga baya kuma aka bi a hankali ana mayar da abin da aka cire.

Afirka ta Kudu nata darasin na ɗaya gefen ne. A 2018 gwamnati ta sa hannu a kan ƙarin shekara uku, a 2020 ta ce ba za ta iya biyan na shekarar ƙarshe ba. Ƙungiyoyi suka je har kotun tsarin mulki, a 2022 suka sha kaye, saboda tun farko baitulmali bai tabbatar da akwai kuɗin ba kamar yadda ƙa'ida ta buƙata. Takardar da ba ta da gurbi a kasafin kuɗi, komai yawan hannun da ke kanta, tana iya tashi a tutar babu.

Me ya kamata a rubuta ke nan a Kano ko Jigawa? Farko dai a buɗe littafi. Kason kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma ana wallafa shi daga ofishin Akanta Janar na tarayya da hukumar ƙididdiga, mai waya na iya dubawa. Abin da ba a gani shi ne ɗaya gefen: ainihin yawan masu karɓar albashi, abin da ake cirewa a joyin akawun, kuɗin tsaro, da abin da masu muƙaman siyasa ke lashewa. Wanda ya zo neman rangwame a kan alkawarin da ya ɗauka, shi ya kamata ya fara kawo waɗannan takardun. Daga nan a sa adadi: idan kaso ya faɗo ƙasa da kaza wata uku a jere, an shiga halin matsi, idan ya koma sama da kaza, an fita, ba sai an jira sanarwar kwamishina ba. Sai a jera waɗanda za a fara taɓawa: alawus ɗin masu muƙami, tafiye-tafiye, sababbin kwangiloli, sannan manyan matakai, ƙananan kuma a ƙyale su. Kuɗin 'yan siyasa ko an kwashe su duka ba za su cike giɓin albashin dubban malamai ba, masu lissafin gwamnati suna da gaskiya a nan. Amma ba wanda zai yarda a rage masa yana kallon sababbin motoci na shiga gidan gwamnati.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne a rubuta ƙarara cewa abin da aka cire rance ne ma'aikaci ya ba gwamnati. Ya fito a takardar albashin kowa, wata-wata, da jimillarsa. A sa ranar fara biya, a ce bashin a kan kujera yake, ko wa ya hau ta, kuma mai ritaya da magadan mamaci su fara karɓa. A kira bankuna wajen zaman domin su sassauta cirewar bashi na tsawon lokacin. Ita kuma gwamnati ta ɗaure kanta da cewa ba kora, ba taɓa kason fansho. Asusun fanshon Jigawa, wanda ma'aikaci ke zuba kashi 8 gwamnati ta zuba 17, ya yi suna har wasu jihohi na zuwa koyo, saboda doka ce ta kafa shi kuma kuɗin na da mazauninsu daban. Duk abin da aka bar wa ganin damar gwamna, ranar matsi shi ake fara ci.

Wani zai ce ai yanzu kuɗi sun samu, me ya kawo wannan zance? Lallai tun bayan cire tallafi da sakin naira, abin da ake rabawa a wata ya haura tiriliyan ɗaya, Kano ta sa 71,000 daga Nuwambar 2024, Jigawa ta amince da 70,000. To ai yanzun ne lokacin, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Kaso mai yawa na wannan ƙarin daga faɗuwar darajar naira ya samo asali, kuma har gobe mai ne jigon asusun. Dokar 2024 ta rage wa'adin sake duba mafi ƙarancin albashi daga shekara biyar zuwa uku, wato 2027, shekarar zaɓe, lokacin da alkawari ke araha. Ƙungiyar da ta je zaman da adadi kaɗai a bakinta tana iya fitowa da babban adadi ana tafa mata, ta bar babin ranar matsi fayau, gwamna mai zuwa ya cike shi da alƙalaminsa.

Akwai kuma abin da zai iya sauya su wane ne ma za su zauna. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Aiwatarwar ta yi ta tafiyar hawainiya, amma idan ta tabbata, mai biyan malamin Taura ciyaman ne, kuma zama ɗaya na iya komawa 44 a Kano, 27 a Jigawa. NULGE ta daɗe tana neman wannan 'yanci. NUT kuwa tana ɗari-ɗari, domin ba ta manta da 1991 ba, lokacin da aka miƙa firamare ga ƙananan hukumomi, albashi ya riƙa maƙalewa watanni, har sai da aka dawo da hukumar firamare ta ƙasa a 1993. Joyin akawun, duk aibinsa, yana cike wa ƙaramar hukumar da ma'aikatanta suka fi ƙarfin kasonta daga rarar wata. Idan aka raba asusun, wata za ta shiga matsi ita kaɗai alhali maƙwabciyarta na da rara, malamai biyu masu mataki ɗaya, da 'yar tafiya ce tsakanin makarantunsu, su karɓi albashi daban-daban. Shi ya sa NUT ke neman a cire albashin malamai tun daga tushe, kafin kuɗin su isa hannun ciyaman. Duk yarjejeniyar da za a ƙulla nan gaba kuwa, idan babu hannun ciyamomi a kanta, ranar da kaso ya faɗi lauyan ƙaramar hukuma na iya miƙewa a kotu ya ce su ba su san da ita ba.